Muryar malam ta yi kauri a bidiyo, katin sauti ne ko kwamfuta?

Mai Kamara, unguwar Zariya:
Salamu alaikum. Daren Juma'a na ɗauki wa'azi nan Maradi, awa guda cif. Hoto a kamara, murya kuwa ta katin sauti na USB da na sawo jaka talatin, zuwa kwamfuta mai Windows 10. Da na zo haɗawa sai na ji muryar malam ta yi kauri kamar kasat da batir ya yi sanyi, kuma ta zarce hoton da minti biyar da 'yan kai. Ba cewa anka yi kwamfuta da katin su ke daidaitawa da kansu ba? Jibi mai aikin zai zo amsa.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, minti biyar ɗin nan ya tona asirin. Katinka ya ɗauki murya da awo sau 48,000 a daƙiƙa, amma anka rubuta wa fayil ɗin 44,100, irin na faifan CD. Lissafa ka gani: awa guda za ta koma minti 65 da daƙiƙa 18.

Daidaitawar gaskiya ce, amma ciniki ne irin na kasuwa. Kana soka katin, sai ya faɗa wa direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta, abin da ya iya: 44,100 ko 48,000, bit 16 ko 24 (zurfin kowane awo). Tun daga Windows Vista, Windows kan zaɓi guda ta juya sautin kowace manhaja zuwa gare shi. ASIO kuwa, wata hanyar direba ta masu aikin sauti, ba ta bi ta dillali, wato Windows, kai tsaye take magana da katin. In manhajarka ta nemi 44,100 alhali wata ta riga ta kafe agogon katin a 48,000, wani direban ba ya gardama, shiru zai yi ya miƙa.

Kada ka juya sautin, lambar kaɗai za ka gyara. Buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka sauya lambar layin muryar zuwa 48,000.

Ɗan Linux:
Mu a Linux, PipeWire mai kula da sauti a 48,000 take zama, sai in ka ba ta izinin sauyawa. Baba, ba ka ce mishi ya maida komai 48,000 ba, tunda ita bidiyo ke bi.

Mai Kamara, unguwar Zariya:
Allah shi saka, Baba, baki da murya sun hau. Ashe YouTube na bari buɗe lokacin ɗauka. Ko shi ne ya riƙe katin?