Allurar Sinawa ga Baba mai shanyewar ɓarin jiki: mu ci gaba ko mu dakata?

'Yar Auta: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Wata 7 ke nan da Baba ya faɗi a banɗaki da asuba, hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Bayan sati 3 aka sallame mu da magunguna, aka ce a riƙa kai shi gashin ƙashi a asibiti sau 2 a mako. Ni ke tarar adaidaita, ni ke ɗaga shi, ni ke biya. Matar Baba ta ce bayanta ba zai iya ba, yayyena maza kuwa sai a waya. Saura kaɗan in rasa aikin koyarwata saboda makara. Ƙafa ta ɗan motsa, hannu yana nan a dunƙule. Sai Yayanmu da ke saro kaya a Guangzhou ya aiko da ƙwayoyi a kwalba, rubutun duk da Sinanci, ya kuma haɗa mu da wani mai allurar Sinawa a nan gari. Allurai ne sirara kamar silin gashi, yana kafa su a ka, da kafaɗa, da tsakanin babban yatsa da manuni, su yi minti 20. Zuwanmu 6, kuma Baba ya ce yanzu yana samun barci. Amma jiya ina goge masa baki na ga jini a dasashinsa, ga shacin taruwar jini a damtsensa. Mu ci gaba?

Alhajin Kwari: Wa'alaikumus salam. Ki ci gaba 'yata, kada kowa ya tsorata ki. Na daɗe ina zuwa ƙasar Sin. A Guangzhou jami'a guda ce ta maganin gargajiya, da manyan asibitocinta. Sama da shekara 2000 suna wannan aiki, gurbin allura 361 aka ƙididdige a jikin mutum. Maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha ma daga ganyensu ya fito, matar da ta gano shi, Tu Youyou, har Nobel aka ba ta a 2015. Jinin da kika gani matacce ne, kamar na ƙaho.

Anti Nas: Alhaji, ka yi haƙuri, jinin dasashi ba mataccen jini ba ne. Ƙanwata, wane magani asibiti suka ba shi? Yawancin masu wannan ciwo suna kan maganin tsinka jini, asfirin ko warfarin. Akwai saiwar da Sinawa ke kira danshen, suna yawan sa ta a maganin zuciya da shanyewar jiki, kuma in ta haɗu da warfarin tana ƙara zubar jini. Tsorona ya fi yawa kan kwalbar nan, ba allurar ba. Ki tsayar da ƙwayoyin yau, ki ɗauki kwalbar ku koma wurin likitansa a auna jininsa. Kada ki tsayar da na asibiti da kanki. Sannan a gabanki mai allurar yake yage ledar sabbin allurai? Akwai ciwon hantar da ake ɗauka ta allura.

Maman Biyu: Hmm, likita! Surukata wata 2 muna bin layi tun asuba, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta, sai rubutu kawai. Ƙarshe filinta muka sayar. Har yau dangin mijina ni suke zargi.

Alhajin Kwari: Kin ji ko? Ni ciwon baya ya hana ni ruku'u shekara 2, allura 10 aka yi mini na miƙe. Ko a Amurka inshorar tsofaffi ta gwamnati na biyan kuɗinta tun 2020.

Anti Nas: Don ciwon baya mai daɗewa suke biya, Alhaji, ba shanyewar jiki ba. Ita ma Tu Youyou a ɗakin gwaji ta tace ganyen, aka auna adadinsa. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata da yawa ƙodarsu ta lalace saboda haɗin rage ƙiba da aka saka wa wani ganyen Sin mai guba. Kwalbar tana da lambar NAFDAC?

Malamin Allo: Ni dai a kira wanzami ya yi masa ƙaho, a haɗa da habbatus sauda da man zaitun. Allah Ya ba Baba lafiya.

Anti Nas: Malam, mai zubar jini ba a tsaga shi.

'Yar Auta: Na gode muku. Anti, ba lamba a jiki, amma Yaya ba zai aiko wa mahaifinsa abin da zai cutar da shi ba, kuma da tsada ya saya. Maganin asibiti kala 4 ne, ban riƙe sunayensu ba. Gashin kuwa mun bari tun watan jiya, ba zan iya biyan wuri biyu ba. Shi mai allurar yana zama ya saurari Baba, ya kama wuyan hannunsa, ya duba harshensa. A asibiti minti 5 an gama da mu. In na tsayar, Yaya zai ce na raina ƙoƙarinsa, kuma shi ke biyan kuɗin haya.

Anti Nas: Kun bar gashi? Subhanallah. Ki ɗauko hoton kwalayen magungunan nan 4 ki turo yanzu, don Allah.

Alhajin Kwari: Ki rage ƙwayar zuwa rabi kawai, ki cika zuwa 12 kafin ki yanke hukunci.

'Yar Auta: Gobe ƙarfe 10 ne zuwanmu na 7, kuma na riga na biya. Bari in ga yadda zai kwana.