Ajin koyon taliya da haɗa abin sha a Italiya: wa ya taɓa shiga?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maigida zai halarci taro a hedikwatar FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke Roma, kuma in Allah ya yarda tare za mu tafi, bizar ma ta fito. Shi yana can wajen taro tun safe har yamma, ni kuwa ba na son zaman otal. Na ga ana tallata wani aji na 'yan yawon buɗe ido, a koya maka murza taliya da hannu, a kuma koya maka haɗa koktel, wato abin sha na gauraye da galibi ake yi da giya. Taliyar nake so sosai. Koktel ɗin ne ya tsaya mini a rai. Wa ya taɓa shiga irinsa? Ya cancanci kuɗinsa?

Anti 'Yar Kwari: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, ki shiga. Na yi a Roma lokacin da na je sarin takalma da jakunkuna, kuma har yau ina cin moriyarsa a gida. Yadda suke yi kusan iri ɗaya ne: awa uku ko kusa da haka, a ba kowa rigar girki da allon katako, a zuba miki fulawa giram 100, ki buɗe rami a tsakiya, ki fasa ƙwai ɗaya a ciki. Ba ruwa, ba yis. Ki ɗauki cokali mai yatsu ki riƙa jawo garin daga gefe har ya haɗu, sannan ki sa tafin hannu ki murza kamar minti goma. Daga nan a nannaɗe kwaɓin ya huta rabin awa. To a wannan rabin awar ne suke shigo da zancen abin sha, don kada mutane su zauna hannu sake. Da ya huta sai a shimfiɗa, a yanka fettuccine, doguwar taliya mai faɗi, a cusa ravioli, 'yan aljihunan taliya, da cukun rikota da alayyahu. A ƙarshe a dafa, ku zauna ku ci abin da kuka yi.

Ɗalibin Padova: Hajiya, gara ki san abin da ke cikin kofin tun daga gida. Abin da aka fi koyarwa shi ne Aperol Spritz: kashi uku na prosecco, wato giyar inabi mai kumfa, kashi biyu na Aperol, kashi ɗaya na ruwan soda, da ƙanƙara da yankan lemon zaƙi. Launinsa ruwan lemo ne mai kyau, har wasu baƙi kan ɗauka lemon kwalba ne. Shi kansa Aperol barasa ce, kashi 11 cikin ɗari, a nan garin da nake karatu aka fara yinsa a 1919. Na biyunsa Negroni, na mutanen birnin Fulorans, wanda ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin giya iri uku, jin (gin) da bamut (vermouth) da Campari, ake haɗawa daidai wa daida. Wasu wuraren kuma bayan an gama cin abinci sukan miƙo limoncello a ɗan ƙaramin kofi. Shi ma giya ce, duk da ƙamshin lemon tsami da yake yi.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne Italiyawa suna da nasu abin sha na kafin cin abincin dare marar barasa, kuma ba don baƙi suka ƙirƙire shi ba, su ma suna sha. Akwai Crodino, ɗan ƙaramin kwalba mai ruwan zinariya, tun shekarun 1960 ake sayar da shi. Akwai Sanbittèr mai launin ja, akwai chinotto da ake yi da wani ɗan lemo mai ɗaci. Ki riƙe kalmar analcolico, wato marar barasa, ita za ki faɗa a ko'ina su gane.

Maman Biyu: Na gode ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Wato in na ce a ba ni Crodino shi ke nan?

Malam na Tudun Wada: Hajiya, ba shi ke nan ba. Ina roƙon a yi mini uzuri in faɗi abin da ke raina. Ko ba ki sha ba, ajin da aka tallata da sunan koktel aji ne da za a jera kwalaben giya a kan teburin da kike zaune, wataƙila ma a ce ki zuba wa na kusa da ke ko ki riƙe masa kofi. Akwai hadisi sananne da ya hana zama a teburin da ake shan giya a kansa. Ban ce kada ki koyi girki ba, ilimi ne mai amfani. Amma ki nemi wanda taliya ce zalla, ko ki biya a ware miki naki.

Anti 'Yar Kwari: Malam ya yi gaskiya, kuma abin da ya faɗa mai yiwuwa ne. Mu ajin keɓe muka ɗauka, ni da abokan tafiyata mata, muka raba kuɗin. Ya fi tsada in ke kaɗai ce, amma in kun kai huɗu ko biyar bambancin ba ya da yawa. Ki tambayi maigida ko cikin abokan taronsa akwai masu zuwa da iyali. Malamar tamu ta cire giya gaba ɗaya, ta koya mana haɗa Crodino da soda da ƙanƙara da ɓawon lemo da ake murɗawa a bakin kofi don mansa ya fito. Ta kuma nuna mana na ganyen na'a-na'a da ruwan furen sambuco. Sai dai ki sani ko ajin taliya zalla ne, sun saba ajiye kwalbar giyar inabi a tebur lokacin cin abinci, don haka shi ma sai kin faɗa.

Sista Rifkatu: Ni Kirista ce, ajin haɗaka na shiga, kuma zan faɗi abin da idona ya gani don ku auna. A ƙungiyarmu akwai wata mai juna biyu da wasu ma'aurata daga Malesiya, su ukun ba su sha ba, ba wanda ya ko ɗaga ido ya kalle su. Ba a matsa wa kowa. Amma gaskiya ne kwalaben suna kan tebur, ana ta gwara kofuna. Wanda hakan zai dame shi ya bi shawarar Malam. Ni abin da ban ji daɗinsa ba daban ne: mun yi yawa. Malami ɗaya, mutane cike da ɗaki, kiɗa na tashi, masu ɗaukar hoto sun fi masu murza kwaɓi yawa. Ba wanda ya zo ya taɓa kwaɓina ya ce ya yi ko bai yi ba, alhali abin da mutum ya biya kuɗi ya koya ke nan. Ku tambayi adadin mutane kafin ku biya. In sun wuce goma ko sha biyu, ku nemi wani.

Baban Ilham: Kowa na maganar giya, an manta da alade, wanda ya fi ɓuya. Shahararrun taliyar Roma guda huɗu ne, uku daga ciki da guanciale ake yinsu, wato kumatun alade da aka shanya da gishiri: carbonara, amatriciana da gricia. Cacio e pepe ce kaɗai ba nama, cukun pecorino ne da masoro. Ni na taɓa rubuta wa wani wuri cewa ba ma cin alade, suka amsa da to, ranar kuma muka tarar an riga an soya miyar da shi, mai girkin yana cewa zai tsince mana naman. Ba mugunta ba ce, saƙon ne bai kai kicin ba. Ravioli kawai muka ci da bota. Don haka ki rubuta, ki jira amsa a rubuce, kuma da kin shiga ki sake faɗa wa wanda ke tsaye kan wuta: senza maiale, senza alcol. Ba alade, ba barasa. Ki haɗa da tiramisu, kayan zaƙin da ake ci bayan abinci, a tambayar, don wasu kan zuba masa giyar Marsala a cikin ruwan gahawar da ake tsoma biskit.

Sista Rifkatu: Kuma ɗanyen ƙwai ake sa wa tiramisu a yawancin wurare. Masu ciki su lura.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri, da ban tambaya ba da na yi ta. To cukun fa, Malam?

Malam na Tudun Wada: Cukun parmigiano da pecorino ana daskarar da madararsu da wani sinadari daga cikin ɗan maraƙi ko ɗan tunkiya, ba alade ba. Malamai sun yi saɓani a kansa idan dabbar ba yankan Musulunci ba ce, wasu sun halatta, wasu sun ce a bari. Ki tambayi malamin da kike bi. In kina son fita daga saɓanin, miyar tumatir da ganyen basiliko da man zaitun ta wadatar.

Hajiya Babba: 'Yata, in har maigidanki zai bar ki ki hau jirgin ƙasa, ki je Bolonya. Daga tashar Termini ta Roma awa biyu ne da 'yan mintuna a jirgi mai gudu, ki tafi da safe ki dawo da dare. A can ne gidan taliyar ƙwai. Matan da suka ƙware a murza ta ana ce musu sfoglina, sana'a ce mai daraja, uwa ta koya wa 'ya. Ba sa son inji. Doguwar sandar katako suke amfani da ita, su shimfiɗa kwaɓi ya zama fai-fai guda ɗaya, siriri har kina hango zanen katakon da ke ƙasa. Mu da muka tashi muna juya injin taliya 'yar murji muna shanyawa a kan igiya, hannunmu ya riga ya san kwaɓi, amma wannan shimfiɗar da sanda wani fanni ne daban. Nauyin jiki ake sawa, ana juya faifan kaɗan-kaɗan, kada gefe ya fi tsakiya kauri. Malamata tsohuwa ce, ba ta jin Turanci, hannuna kawai take kamawa ta ɗora inda ya dace, kuma na fahimta.

Mutanen garin sun ɗauki abin da gaske, har a 1972 aka ajiye ma'aunin faɗin tagliatelle, doguwar taliyarsu ta ƙwai, a ofishin 'yan kasuwa na birnin, milimita 8 bayan an dafa. A 1982 kuma aka yi rajistar yadda ake miyar ragù a nan ofishin. To ita wannan miyar ta asali da naman sa ake yi, amma akwai alade da giyar inabi a ciki. Tortellini, 'yan ƙananan taliyar nan da ake cusawa, cikinsu alade ne. Ki nemi tortelloni, manyan, masu rikota da ganye.

Ɗalibin Padova: Hajiya Babba ta gama magana. In ƙara abu ɗaya: duk wanda tafiyarsa ta faɗa watan Agusta ya yi hattara, wajen ranar 15 ga wata ƙananan wurare da yawa kan rufe, masu su sun tafi hutu bakin teku.

Baban Ilham: Wanda ba ya cin ƙwai kuma ya nufi kudu. A tsohon garin Bari mata na zama bakin ƙofa a lungun Arco Basso suna yin orecchiette, garin samolina da ruwa kawai. Su yanko ɗan kwaɓi, su ja shi da bakin wuƙa a kan katako, su kife shi a babban yatsa. Saurin hannunsu abin kallo ne. Sai dai Bari ta yi nisa da Roma, kusan awa huɗu, ba tafiyar yini ɗaya ba ce ga mai son ya natsu ya koya.

Anti 'Yar Kwari: In kina son miyar nama a ajin keɓe, ki tambayi malamar ko za ta yarda ki zo da naki. Tamu ta yarda. A kasuwar Esquilino, kusa da dandalin Vittorio, ba nisa da Termini, akwai mahauta Musulmi, su niƙa miki naman sa nan take. Kuma ki guji sa ajin ranar Juma'a da rana in kuna son zuwa babban masallacin Roma da ke wajen Parioli, wanda aka buɗe a 1995. Ki cire zobba da awarwaro kafin ki fara, lalle kuwa ba ya hana komai. Ki sa mayafin da ba zai riƙa zamowa cikin gari ba.

Maman Biyu: Na rubuta duka. Zan nemi na keɓe a Roma tukuna, in maigida ya samu sarari ranar Asabar mu leƙa Bolonya tare. Tambaya ta ƙarshe, Anti: in na dawo Kano, fulawarmu za ta yi? Na ji suna cewa tasu mai lamba 00 ce.

Anti 'Yar Kwari: Za ta yi, da ita nake yi. Lambar tana nufin an niƙa ta da laushi sosai, ki tankaɗe taki kawai. Ƙwanmu sau da yawa ƙanana ne, don haka in kwaɓin ya ƙi haɗuwa ki ƙara kwanduwa ɗaya, kada ki yi saurin zuba ruwa. Lokacin hunturu yana bushewa nan da nan, ki rufe wanda ba ki kai kansa ba da leda ko kwano. Ruwan dahuwa ya zama mai yawa, ya tafasa sosai, ki sa gishiri har ki ji shi, ba a zuba mai. Ɗanyar taliya minti biyu zuwa uku ta nuna, ki tsaya a kanta. Kafin ki tace ki ɗebi ludayi ɗaya na ruwan ki ajiye, da shi za ki sassauta miyar a kasko in kin juye taliyar a ciki.