Me ya hana Amurka shiga ƙungiyar da shugabanta ya yi fafutukar kafawa?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Shugaba Woodrow Wilson ne ya fi kowa dagewa a kafa tsohuwar ƙungiyar ƙasashen duniya (League of Nations), wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, kuma ya rattaba hannu a yarjejeniyar Versailles, wato yarjejeniyar zaman lafiya ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da ta ƙunshi kafa ƙungiyar, ranar 28 ga Yuni, 1919. To, yaya aka yi Amurka ba ta taɓa zama mamba ba? Sa hannun shugaba bai isa ya ɗaure ƙasa ba ne?

Mai Nazarin Shari'a:
Wa alaikumus salam, Malam. Bai isa ba, domin tsarin mulkin Amurka ya tanadi cewa yarjejeniya ba ta aiki sai kashi biyu cikin uku na sanatocin da suka halarci zama sun amince da ita. Rigimar ta taso ne daga sashe na 10, wanda ya ɗora wa kowace mamba nauyin kare iyakoki da 'yancin sauran ƙasashen ƙungiyar. Sanata Henry Cabot Lodge, shugaban kwamitin harkokin waje, ya ga cewa hakan zai iya jefa sojojin Amurka cikin yaƙin da majalisa ba ta ayyana ba, alhali ikon ayyana yaƙi nata ne. Don haka ya gindaya sharuɗɗa 14. A ƙuri'ar 19 ga Maris, 1920, sanatoci 49 suka goyi baya, 35 suka ƙi, aka gaza da ƙuri'a bakwai.

Tsohon Malami:
Bayanin ya yi daidai, amma a ganina ba a ɗora wa Wilson laifin da ya cancanta. Da ya karɓi sharuɗɗan Lodge, da wataƙila yarjejeniyar ta wuce, sai ya umarci 'yan jam'iyyarsa su ƙi ta muddin sharuɗɗan suna ciki, ga shi kuma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi tun Oktoban 1919. Kada a manta akwai gaba ta siyasa tsakanin mutanen biyu, saboda haka ba kishin ƙasa kaɗai ne ya yi aiki ba.

Mai Nazarin Shari'a:
Haka ne, Malam, sai dai damuwar sanatocin ba ta banza ba ce, kuma shaidar hakan tana cikin yarjejeniyar kafa ƙungiyar tsaro ta NATO ta 1949. Masu rubuta ta sun yi taka-tsantsan, inda sashe na 5 ya bar wa kowace ƙasa ta ɗauki matakin da ta ga ya dace idan aka kai wa wata hari, sashe na 11 kuma ya ce za a aiwatar da ita bisa tsarin mulkin kowace ƙasa. Da wannan sassauci Majalisar Dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 82, masu adawa 13.