Ƙanena yana kwana a titi, an ba shi ɗaki amma na hana shi sa hannu

Yayar Mutum:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana uku rabona da barci. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi. Yaro ne mai ƙwazo, tun yana shekara 16 ya iya gyaran wutar lantarki, har ubangidansa ke bar masa makullin wurin aiki. Rasuwar mahaifiyarmu ce ta juya komai. Shi ya yi jinyarta wata 7, shi ke juya ta, shi ke wanke mata kaya, a hannunsa ta cika. Tun daga nan ya daina magana, ya bar aiki, kuɗin haya ya taru, aka fitar masa da kaya. Ya ɗan zauna a wajena, abin bai yiwu ba. Shekara biyu ke nan duk inda dare ya yi masa nan ne makwancinsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, yana shan ƙwaya.

Yanzu wata ƙungiya ta samo masa ɗaki shi kaɗai, makulli a hannunsa. Ma'aikaciyarsu za ta riƙa leƙa shi duk mako, ta haɗa shi da likita idan yana so. Abin da ya tayar min da hankali, ba su ce sai ya bar shaye-shaye ba. Na ce kada ya sa hannu sai ya fara shiga gidan gyaran hali. Katin shaidarsa yana hannuna. Zuwa Litinin suka ba shi. Na yi daidai?

Baban Yara:
Kin yi daidai, 'yar'uwa. Nawa ƙanin na kama masa ɗaki da gumina, wata biyu ya sayar da katifa da fanka, ya tara min abokai, mai gida ya kai ni ƙara. Har yau ba ma ga maciji da matata a kan wannan kuɗin.

Tsohon Ma'aikaci:
Baiwar Allah, ki mayar masa da katinsa yau ɗin nan. Abin da suka yi masa ba sakaci ba ne, tsari ne sananne: a fara ba mutum muhalli, sannan magani ya biyo baya. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya fara shi a New York a 1992, bayan ya ga yadda tsohon tsarin ke kayar da mutane. A da cewa ake yi ka daina sha, ka bi mataki-mataki, ɗaki shi ne ladanka na ƙarshe. Wanda ya zame sau ɗaya sai ya koma titi. To ki gaya min, mai kwana da ido ɗaya don kada a sace masa takalmi, a ina zai ajiye magani? Ta yaya zai tuna ranar ganin likita? Finland ta rungumi tsarin a 2008, ta mayar da manyan ɗakunan da marasa muhalli ke kwana tare zuwa gidajen zama. Ƙasar da ke da marasa muhalli kusan 18,000 a 1987, zuwa 2022 ba su kai 4,000 ba.

Uwar Marayu:
Ni duk wannan bai kwanta min ba. Yayarsa tana raye, a ce baƙi ne za su riƙe shi? Ki dawo da shi gabanki, ki dage da addu'a. Me ya fitar da shi daga gidanki tun farko?

Yayar Mutum:
Hajiya, wannan magana ce mai tsawo, kuma akwai yara a gidan. Malam, ni ba ƙwace katin na yi ba, ajiye masa na yi, sau biyu yana ɓatar da shi. Ku ba ku san shi ba. A titi ko ba komai idon mutane yana kansa. In ya kulle ƙofa ya sha abin da ya fi ƙarfinsa, wa zai sani?

Malamar Jinya:
Wannan tsoron naki gaskiya ne, kada kowa ya raina shi. A Kanada an gwada tsarin a birane 5 daga 2009 zuwa 2013, da mutum sama da 2,000. Waɗanda aka ba ɗaki sun fi samun zama wuri ɗaya nesa ba kusa ba, amma ta fuskar shaye-shaye ba a ga wani babban bambanci tsakaninsu da sauran ba. Ɗaki ba ya raba mutum da ƙwaya shi kaɗai. Ki nemi ganin ma'aikaciyar da izininsa, ki tambaye ta: sau nawa za ta zo a watan farko, wa ake kira da tsakar dare, kuma idan ya kasa biyan nasa kason hayar me zai faru. Sannan a duba shi kan ciwon damuwa, don labarin jinyar nan ya tsaya min a rai.

Tsohon Ma'aikaci:
Duk wannan sai ya shiga ɗakin tukuna. Kuma gyaran halin da aka tilasta wa mutum, ranar da ya fito ina zai kwana? Titin dai da kika ɗauko shi. Babba ne, sa hannunsa ake nema, ba naki ba. Irin wannan gurbi in ya wuce, mai bi masa a layi za a ba.

Baban Yara:
Malam, kai a takarda ka san abin. Mu da aka kwashe wa kaya mu muka san zafinsa.

Tsohon Ma'aikaci:
Kai ɗaki ka ba shi ka juya baya. Wa ya riƙa bibiyarsa?

Yayar Mutum:
Na gode muku duka. Amma ku fahimce ni, mahaifiyarmu amanarsa ta bar min, in wani abu ya same shi a ɗakin nan ni za a tambaya. Ɗazu ya kira ni da wayar wani, bai ce komai ba sai "Yaya, katina." Na ce masa ya bari zuwa gobe. Akwai wanda ya san ko suna ƙara wa mutum mako ɗaya?