Yadda Sakamakon Bincike Ke Isa Gadon Majinyaci a Gida

Ma'aikaciyar jinya mai ziyarar gidaje:
Assalamu alaikum, abokan aiki. Ina son jin yadda kuka haɗa kai wajen aiki da abin da bincike ya tabbatar a jinyar gida. Mu dai gyambon kwanciya ne ya tilasta mana zama tare. Ina auna haɗarinsa da ma'aunin Braden na 1987, mai duba abubuwa shida, ciki har da damshin fata, motsi da cin abinci, inda maki ke tashi daga 6 zuwa 23, kuma ƙarancinsa ke nuna girman haɗari. Sai dai makin yana kwance a fayil, alhali a gidan ana ta yi wa ƙugun tsohuwar da muke jinya tausa, abin da ƙa'idojin yanzu suka hana domin yana ƙara lahanta naman da ke ƙarƙashin fata. Da muka ajiye littafi ɗaya a gefen gado, kowa yana rubutawa yana karanta na ɗan'uwansa, sai maganarmu ta zama ɗaya.

Mai kula da tsofaffi a gida:
Malama, kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu ke juya majinyaci, mu ke canza masa shimfiɗa, amma sau da yawa umarni kawai ake ba mu ba tare da dalili ba. Ranar da aka bayyana mini cewa a baƙar fata jan da ke nuna farkon gyambon ba ya fitowa sosai, sai a taɓa a ji ɗumi ko tauri, daga nan na fara gano wurin tun kafin ya fashe.

Likitan fisiyo:
Ina bin tsarin motsa jiki na Otago daga ƙasar Niyu Zilan, wanda gwaje-gwaje suka nuna yana rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 35 cikin 100. Ana so a yi shi sau uku a mako, ni kuwa ba kullum nake gidan ba, saboda haka mai kula nake fara koya wa.

Mai harhaɗa magunguna:
Likita, atisayen ba zai yi tasiri sosai ba idan tsoho yana tashi da jirin maganin barci. Da aka fara turo mini jerin magungunan duk wanda ya faɗi, na riƙa ganin an rubuta wa mutum ɗaya irin waɗannan har kala biyu daga asibitoci daban-daban, sai in kira likitan da ke duba shi mu rage a hankali.