Neman shawara: koyar da tarihin Amurka ga ɗaliban aji 11

Mai tambaya, malami a Bronx:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwana. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare ta gwamnati a birnin New York, kuma bana an ɗora mini darasin tarihin Amurka na aji 11, waɗanda za su zauna jarrabawar Regents ta jiha a watan Yuni. Manhajar ta faro tun daga mulkin mallakar Ingila har zuwa zamaninmu, littafin da aka ba mu kuma Turancinsa ya fi ƙarfin da yawa daga cikin yaran, domin wasunsu ba su daɗe da zuwa ba daga Gana, Nijar, Gini da Jamhuriyar Dominika, sauran kuwa baƙaƙen fatar Amurka ne da kakanninsu suka tashi a nan. Idan na bi littafin babi bayan babi, sai su haddace shekaru don gwajin mako, su zubar da su bayansa. Ina neman shawara a kan kayan koyarwa da hanyar da za ta sa su riƙe darasi, sannan a kan batun bauta da yaƙin basasa da nake tunkara, wanda ba na so in wuce shi a gurguje, ba na kuma so in ƙuntata wa kowane yaro. Allah ya saka da alheri.

Malama daga Maryland:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka jingine littafin gaba ɗaya, amma ka mai da shi abin dubawa, ka gina darasinka a kan takardun da mutanen lokacin suka rubuta da hannunsu. Jarrabawar da yaranka za su zauna ma a kan haka aka gina ta: ana ba su guntun jawabi, ko taswira, ko zanen jarida, ko hukuncin kotu, a ce su karanta su amsa. Saboda haka lokacin da ka ba takardu ba asararsa ka yi ba.

Ka fara da darussan Reading Like a Historian, waɗanda aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, yanzu kuma suna hannun Digital Inquiry Group, kyauta ne idan ka yi rajista. Kowane darasi da tambaya ɗaya yake buɗewa. Misali, wa ya fara harbi a garin Lexington ranar 19 ga Afrilun 1775, a farkon yaƙin neman 'yancin Amurka? Sai ka miƙa wa yara abin da wani hafsan sojan Ingila ya rubuta a littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, da kuma shaidar da mayaƙan sa-kai na garin suka bayar bisa rantsuwa, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi. Kafin su karanta ko layi ɗaya, su amsa: wa ya rubuta, yaushe, don wa, kuma me zai samu idan aka gaskata shi? Yaran da suka yi Islamiyya sukan kama wannan da wuri, domin sun saba da tambayar isnadin hadisi kafin a karɓi mataninsa.

Game da nauyin Turanci, ka taƙaita kowace takarda ta tsaya a rabin shafi, ka sauƙaƙa jimlolin, ka sa sunan marubuci da shekara a sama, kalmomi masu wuya huɗu ko biyar da fassararsu a ƙasa, ka kuma ajiye asalin a gefe don su san ka taɓa ta. Za ka sami ƙarin takardu da hotuna a DocsTeach na ma'adanar takardun gwamnatin Amurka, da shafin Laburaren Majalisar Dokoki, da cibiyar Gilder Lehrman da ke nan birninku.

Dattijo, tsohon malami a Ohio:

Abin da Malama ta faɗa daidai ne, sai dai ina da gyara. Yaron da bai san mene ne ya riga mene ne ba, takarda ba za ta amfane shi ba, musamman wanda bai yi firamare a ƙasar nan ba. Ka manna doguwar takarda a bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka rubuta shekaru kaɗan kawai: 1776, 1787, 1861 zuwa 1865, 1877, 1896, 1954, 1965. Duk takardar da aka karanta, yaro ya tashi ya liƙa ta a muhallinta. Sannan ka riƙe zare ɗaya har ƙarshen shekara. Ni da gyaran tsarin mulki na 14 nake yi, wanda aka amince da shi a 1868, ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan ƙasa da kariya iri ɗaya a gaban doka. A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariya a shari'ar Plessy duk da wannan gyara, a 1954 kuma ta dogara da shi ta haramta wariya a makarantu a shari'ar Brown. Ka kuma tsara makonninka daga Yuni zuwa baya, domin malamai da yawa sai watan Mayu ya riske su suna yaƙin duniya na biyu, ba su kai ga dokar shige da fice ta 1965 ba, alhali ita ce ta buɗe ƙofar da iyayen ɗalibanka da yawa suka shigo ta cikinta.

Malama daga Georgia:

Malam, a kan bauta zan yi magana. Wani bincike da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Southern Poverty Law Center ta fitar a 2018 ya nuna kashi 8 cikin 100 ne kawai na ɗaliban ajin ƙarshe da aka tambaya suka gane bauta ce babban dalilin yaƙin basasa. Ba sai ka yi jayayya da kowa ba, ka bar jihohin Kudu da suka ɓalle daga Amurka su yi bayani da bakinsu. Carolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamban 1860 ta kuma rubuta dalilanta, Mississippi ta biyo baya a Janairun 1861 tana bayyana ƙarara cewa matsayinta ɗaure yake da bauta, a watan Maris kuma mataimakin shugabansu Alexander Stephens ya ce a kan bautar baƙar fata aka aza harsashin sabuwar gwamnatinsu. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4.

Ina roƙonka, kada ka taɓa shirya wasan kwaikwayon kasuwar bayi, kada kuma ka juya ga yaro baƙar fatar Amurka ka ce ya faɗi yadda yake ji. A maimakon haka ka ba su muryoyin bayin kansu: Laburaren Majalisa na da hirarraki sama da 2,300 da aka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938. Ka nuna musu cewa yawancin masu tambayar fararen fata ne, a lokacin da wariya ke da ƙarfi a Kudu, su yi tunanin abin da tsoho zai iya ɓoyewa. Idan hali ya yi, ka kai su maƙabartar 'yan Afirka da ke kudancin Manhattan, wadda aka gano a 1991 aka tono gawarwakin mutum 419, su san cewa jihar New York kanta sai a 1827 ta kawo ƙarshen bauta.

Malamin jami'a daga Maiduguri:

Malam, Allah ya ƙara basira. Akwai mutum biyu da ya kamata yaranka su sani. Na farko Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro, a yankin kogin Senegal, da aka kai garin Charleston na Carolina ta Kudu a 1807, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a Carolina ta Arewa. Rubutun yana shafin Laburaren Majalisa, kuma da Suratul Mulk ya buɗe shi. Ka haska shi a allo, za ka iya samun yaron da Turanci ke ba wuya ya miƙe ya karanta wa ajin abin da sauran ba za su iya ba.

Na biyu ɗan Kukawa ne, Muhammad Ali ibn Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. Buzaye suka kama shi yana yaro, aka sayar da shi ta Sahara zuwa Tarabulus, ya zauna a Santambul da Rasha, ya shiga Amurka yana mai 'yanci, a 1863 kuma ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta 55 ta Massachusetts. Labarinsa zai taimake ka ranar da wani yaro ya tambaye ka wa ya sayar da kakanninsu, kuma za a tambaye ka. Ka faɗi gaskiya, an yi cinikin bayi a kasuwannin Kukawa da Kano, kuma da hannun 'yan Afirka a cinikin bakin teku. Sannan ka nuna musu yadda Amurka ta ɗaure bauta da launin fata a doka, kamar dokar Virginia ta 1662 da ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. A littafin da Nicholas ya buga a Memphis a 1873 bai ambaci aikin sojan da ya yi wa Arewacin Amurka a yaƙin basasa ba. Ka ba yara littafin da shaidar shigarsa soja, ka tambaye su me zai sa baƙar fata da ke koyarwa a Kudu a wancan lokaci ya yi shiru a kan wannan.