Haɗa filta da filta: ƙirƙira ce ko harhaɗawa?

Mai Hoton Biki: Assalamu alaikum. Na ɗora hotunan wani ɗaurin aure da na gyara da salon da na ƙirƙira a manhajar Blender, sai wani abokin sana'a ya rubuta a ƙarƙashinsu cewa filtar waya kawai na danna. Maganar ta ɓata mini rai, domin aikin ƙulli-ƙulli ne, wato jera akwatunan filta a kan allo a haɗa su da zare, kowane akwati ƙulli ɗaya ne. Hoton yana shiga akwatin farko inda ake share ɗigo-ɗigon da ƙarancin haske ya bari, ya bi zare zuwa akwatin ƙyalli, ya wuce na daidaita launi, sannan na ware fatar ango da amarya a reshe dabam don kada jan da na ƙara wa lalle da atamfa ya taɓa fuskokinsu. Ina nan a kan bakana cewa mai aiki da leya (wato ɗora gyara a kan gyara hawa-hawa) a Photoshop ba zai iya maimaita salo ɗaya a kan hotuna ɗari yadda tsarin ƙulli yake yi ba.

Tsohon Edita: Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ka ƙirƙira, amma duk akwatunan da ka lissafa masu gina Blender ne suka rubuta su, kai kuwa zare kawai ka ja daga wannan zuwa wancan. Sunan wannan aiki harhaɗawa.

Hajiya Mai Zane: Ranka ya daɗe, idan haka ne to tela ma bai ƙirƙiri ɗinki ba tunda ba shi ya saƙa yadin ba. Jerin akwatunan shi ne salon. Wanda ya zuba ɓarɓashin fim kafin ya dusashe hoto ya shafe ɓarɓashin da hannunsa, wanda kuma ya bar shi zuwa ƙarshe ya sami hoto dabam, alhali kayan aikinsu ɗaya ne.

Tsohon Edita: Hajiya, sanin abin da ke gaba da abin da ke baya ƙwarewa ce, kuma ban hana shi ita ba. Ƙirƙira kuwa sai wanda ya zauna ya rubuta lissafin filtar da kansa.

Ɗalibin Gyaran Hoto: Da izinin manya, Photoshop yana da hanyar naɗar matakan aiki a maimaita su a kan hotuna masu yawa tun 1996, saboda haka maganar Mai Hoton Biki a kan Photoshop tana buƙatar gyara.

Na Blender Har Kullum: Duk mai raina aikin da aka yi a Blender ya tuna cewa tun 2002 aka saki manhajar kyauta ga kowa, kuma a 2025 wani fim ɗin zane na ƙasar Latbiya da aka yi da ita ya ci kyautar Oscar. Shin su ma masu fim ɗin harhaɗawa suka yi?

Shugaban Zaure: Ɗan'uwa, ba a yi Blender don gyaran launi ba. Wanda yake son ya ga ƙulli na gaskiya ya buɗe DaVinci Resolve, inda ake jera ƙulli bi da bi ko a ajiye su kafaɗa da kafaɗa, kuma tun 2018 aka shigar da Fusion, manhajar haɗa hotuna ta tsarin ƙulli, cikinta. Resolve ma tana da nau'in da ake saukewa kyauta.

Na Blender Har Kullum: Yallabai, kyautar da kamfani ya riƙe wasu kayan aiki sai an biya ba daidai take da kyautar da aka buɗe maka har lambobin da aka gina manhajar da su ba. Ban da haka, yawancin kwamfutocin da matasanmu ke aiki da su numfashi suke yi sama-sama da an buɗe Resolve.

Shugaban Zaure: Wannan laifin kwamfutar ne, kuma kowa ya san ƙwararru Resolve suke amfani da ita.

Hajiya Mai Zane: Wane ne kowa, Yallabai? Manyan kamfanonin haɗa hotunan fim da yawa Nuke suke amfani da ita, kuma ita ma ƙulli-ƙulli ce.

Mai Hoton Biki: Jama'a, har yanzu babu wanda ya ce komai game da mutumin da ya kira aikina filtar waya.

Shugaban Zaure: Za a rufe wannan batu a nan. Abin da aka fahimta shi ne yawancin mahalarta sun yarda cewa jera filtoci ƙwarewa ce wadda ba ta kai matsayin ƙirƙira ba, kuma an tabbatar da cewa Resolve ce ta fi dacewa da wannan aiki. Muna ba Malam Mai Hoton Biki shawara ya sake gina salon nasa a can, ya turo mana mu gani.